Wanda Ya Tafi da Wanda Ya Rage

A garinmu Ustaz ake ce mini, don na fi shekara ashirin ina koyar da Ingilishi a sakandare. Ƙauyen Hausawa ne a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno. Duk wanda takarda mai rubutun Turawa ta faɗo hannunsa, ta magani ce ko ta injin ban ruwa, ƙofata yake yi wa sallama. Shekara da shekaru ina jin daɗin wannan matsayi na mai ido ɗaya a garin makafi. Labarin da zan bayar na yadda wata 'yar kalma mai harafi huɗu ta kayar da ni ne, kuma da na faɗi ba ni kaɗai na ji ciwo ba.

Bari in fara da yadda aka yi muka zo nan, don mai karatu na Kano ko Maraɗi ya gane. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas, har suka sauka a bakin wannan kogi, garin ya ci sunansa. A 1925 Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa ta Sinnar, ruwa ya shiga Jazira, auduga ta buƙaci hannu. Kakana ya baro ƙasar Haɗeja da ƙafa da niyyar aikin hajji, ya tsaya cirar auduga don ya tara guzuri. Ya yi aure, ya je Makka, ya dawo Jazira, amma bai ƙara ganin Haɗeja ba.

Karona na farko da kalma mai fuska biyu, kakan nan nawa ne sanadi. A ƙarshen 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin tattalin arziki. Lokacin ina ɗalibi a Wad Madani, kullum kunnena na jikin rediyo ina sauraren labaran Ingilishi don harshena ya karye, kuma babu kalmar da ake maimaitawa kamar sanctions. Na haddace ta da ma'ana ɗaya: horo, hukunci, matsi. Da na zo hutu sai Baba ya buɗe wata tsohuwar adaka ya ɗauko takarda da ta yi ja don tsufa, layi uku da bugun tafireta, da sa hannun mufattishi, wato Baturen da ke duba gonakin auduga. Ya ce tun rasuwar mahaifinsa take ajiye, ba wanda ya taɓa karanta masa. Na duba na ga sunan kakana, kusa da shi an rubuta sanctioned. Ban tsaya karanta sauran da natsuwa ba, na ce, "Baba, wannan takardar hukunci ce. Turawa sun taɓa hora shi."

Baba ya dube ni ya ce, "Hukunci? Me ya yi musu?" Na ce takardar ba ta fayyace ba. Ya ninke ta ya mayar. Mutumin da kullum abin alfaharinsa shi ne mahaifinsa bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, kwana biyu bai ci abincin kirki ba.

Da hutu ya ƙare na tafi da takardar wurin wani tsohon malamina a Madani, cikin waɗanda suka yi makarantar Hantub tun ana koyar da darussa da Ingilishi, kafin a mayar da sakandare Larabci a 1965. Ya karanta ya yi dariya. Da na gaya masa abin da na faɗa wa Baba sai dariyar ta ɗauke. Ya ce takardar izini ce: an amince wa kakana ya kafa bukkoki shi da iyalinsa a gefen magudanar ruwa. Ya bayyana mini cewa asalin kalmar daga Latin take, ma'anarta doka da aka zartar. Doka kuwa hannu biyu gare ta, da ɗaya take ba da izini, da ɗaya take horo, sai kalmar ta gaji hannayen duka biyun. Ya ce in koma gida a ranar, kada in bar dattijo ya ƙara kwana da wannan nauyi. Na koma. Baba bai yi mini faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Ai na san Malam."

Kafin in bar gidan malamin nan ya tambaye ni, "Kai ba ka yi karatun zaure ba ne?" Ya tuna mini cewa Larabawa sun riga kowa lura da wannan abu, har suka ba shi suna, al-addad, kishiyoyi, kuma Ibnul Anbari ya yi littafi guda a kansa fiye da shekara dubu da suka wuce. Kalmar jaun tana nufin baƙi, tana nufin fari. Maula ubangida ne, maula kuma bawan da aka 'yanta ne. Ya ce in tuna kalmar ƙuru'i da ta zo a Suratul Baƙara kan iddar matar da aka saka: Malik da Shafi'i suka ce tsarki ake nufi, Abu Hanifa ya ce haila. Manyan malamai ke nan, a harshen da suka fi kowa sani, kuma ranar da mace za ta fita idda tana rataye a kan wace fuska aka ɗauka.

Tun daga ranar na ware ɗan littafi ina tara irin waɗannan kalmomi na Ingilishi. Akwai dust: matar gida in ta yi wa tebur, ta kakkaɓe ƙura ke nan bayan habub ya wuce, amma jirgin da ke shawagi bisa gonakin Jazira in ya yi wa auduga, ya barbaɗa mata garin magani ke nan. Akwai oversight, sa ido a kan aiki, kuma kuskuren da aka yi don ba a sa idon ba. Akwai fast, mai gudu kamar barewa, kuma abin da aka ɗaure tamau ba ya motsi, ga shi kuma ita ce azumi. In an ce fitila went off, ta mutu. In an ce ƙararrawa went off, ta fara kuka. Kalmar cleave tana nufin tsagawa tana nufin mannewa, don asalinta kalmomi biyu ne daban a tsohon Ingilishi, zamani ya goge bambancinsu.

Su kansu masu harshen abin bai bar su ba. Churchill ya ba da labari a tarihinsa na Yaƙin Duniya na Biyu cewa hafsoshin Ingila da na Amurka sun taɓa doguwar gardama a kan kalmar table. 'Yan Ingila suna so a yi wa wata takarda table, wato a ɗora ta a tebur a tattauna yanzu. 'Yan Amurka suka ƙi, don a wurinsu ma'anar ita ce a jingine maganar sai wani jiƙon. Sai da aka gaji sannan aka gane abu ɗaya duk suke so. Haka karin maganarsu na dutsen da ke gangarawa ba ya tara gansakuka. Baturen Ingila na da in ya faɗe shi gargaɗi yake yi, mai yawo ba ya tara abin kansa. Ba'amurke da yawa in sun faɗa yabo suke yi, mai motsi ba ya tsatsa.

Ina karanta wa ɗalibai waɗannan suna dariya, suna cewa lallai Turawa ba su da ta ido. Sai in ce su dakata, mu leƙa namu gidan. Mota ta tashi, ta fara aiki ke nan. Kasuwa ta tashi, ta ƙare ke nan. Gari ya tashi, ko dai an farka da asuba kowa ya kama harkarsa, ko kuwa an watse ba a bar ko kaza ba. Na bar shi ya sha, na ƙyale shi. Na bar sha, na daina. Aro da rance, mai bayarwa da mai karɓa duk bakinsu ɗaya, ɗan canjin wasali ne ke raba su. Ka je gaida mara lafiya a ce maka da sauƙi, kafin ka kai gida a aiko maka da sa'ar jana'iza. Mu ba ma ruɗewa da waɗannan don muna ganin fuskar mai magana, mun san lokaci, mun san abin da ya gabata. Takarda kuwa ba ta da fuska.

Na faɗi duk wannan ne don mai karatu ya san ba jahilci ya kayar da ni ba. Na san ramin, ni nake nuna wa yara shi.

A watan Yuli na 2022, kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallah, rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu, kan maganar ƙasa da sarauta. Aka kashe mutane, aka ƙona gidaje da shaguna a wajen Rusairis da Ganis. Jama'a suka yo arewa, wasu Sinnar, wasu Jazira, wasu Rabak da Kosti. Mu ma aka sauke mana namu rabon a manyan motoci, galibi mata da yara da tsofaffi, wasu ko takalmi babu. Makaranta tana hutu, sai mai gari, wanda a nan muke kira shehun hilla, ya sa aka buɗe musu azuzuwa. Ni aka ba rajista. Na ƙirga gida 58. Cikin mako guda gida 17 suka wuce wurin danginsu a wasu garuruwa, saura 41.

Wata ƙungiyar agaji ta ji labarinmu. Mai kula da rabonsu wata mata ce 'yar Kenya, ba ta jin Larabci sosai, sai aka haɗa ta da ni. Ta aiko ta WhatsApp tana tambayar adadin mutanen da ke makarantar, don motarsu za ta biyo ta wajenmu. Ina tsaye a bakin aji, yara na kuka, ga hadari ya haɗo, na rubuta mata: 58 families came. 41 left.

A zuciyata cewa na yi saura 41. Ita kuwa ta karanta cewa 41 sun tafi. Kuma ba ta yi kuskure ba, duk Baturen da ka ba wannan layi zai iya karanta shi haka. Kalmar left daga leave take. In mutum ne ya yi aikin, ya tafi. In a kansa aikin ya faɗa, an tafi an bar shi, shi ne ragowa. Abin da ke raba su 'yar ƙaramar kalma ce, are, wadda na yar don saƙona ya yi gajarta irin ta ƙwararru. Ta ɗebe 41 daga 58, ta rubuta 17.

Bayan kwana biyar mota ta iso. Aka sauke buhunan dawa da adas da jarkokin mai da gidajen sauro, kason gida 17 cif. Na tsaya ina kallon kayan ina kallon layin mata. Na ɗauko waya na sake karanta saƙona, nan take gwiwata ta yi sanyi. Na kira matar, ta yi ta ba ni haƙuri a kan laifin da ba nata ba, ta ce za a ciko. Amma damina ta riga ta zauna, kuma wanda ya san baƙar lakar ƙasarmu ya san in ta sha ruwa ko tarakta sai ta yi da gaske. Mota ta biyu sai da ta yi mako biyu.

Kafin magariba magana ta zaga gari: an aiko da kason kowa, Ustaz ya haɗa baki da direba an karkatar da na gida 24. Ban ga laifin masu faɗa ba. Mutumin da aka ƙone masa gida jiya, da me zai yarda da kai yau? Bayan isha'i shehun hilla ya tara dattawa a ƙofar masallaci ya ce in yi bayani. A hanya zuciyata ta yi ta raya mini in ɗora wa ƙungiyar, in ce su ne ba su iya lissafi ba. Ba mai jin Ingilishi a wurin da zai ƙaryata ni. Na tuna Baba da adakarsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ci ƙwayar dawa ɗaya ba, amma laifin nawa ne. Na rubuta kalmar da ke nufin an tafi, take kuma nufin an rage." Wani ya ce wane irin harshe ne wannan da tafiya da zama suke suna ɗaya. Liman ya ce masa, "In na ce maka gari ya tashi, me na ce?" Aka yi shiru.

Dattawa sun karɓi uzurina. Wadda ban iya haɗa ido da ita ba wata tsohuwa ce daga Ganis, wadda har lokacin ba ta san inda ɗanta yake ba. Da safe ta same ni a bakin aji ta ce, "Ustaz, ɗana, can an kore mu daga gidajenmu. Nan kuma a takarda ka kore mu?" Ba da faɗa ta faɗa ba. Na ce, "Hajja, ki yafe mini." Ta ce ta yafe, amma in ƙara rubuta sunanta, ta gani da idonta. Na buɗe rajista na nuna mata layinta, ta ɗora yatsa a kai, ko da yake ba ta karatu.

Abinci bai gagara ba. Aka raba na gida 17 ga gida 41, matan gari kuma suka bi gida gida suna karɓar malwa guda ta dawa, wato mudun wannan ƙasa, ana tuƙa tuwo ana yin kisra a tsakar makaranta. Gidan sauro ne ba ya rabuwa biyu. Cikin makon nan zazzaɓi ya kwantar da yara da dama a azuzuwan da ba su samu ba. Wata yarinya 'yar shekara huɗu ta fara suma, muka ɗauke ta a amalanken jaki zuwa bakin kwalta, daga nan zuwa asibiti a Sinnar. Allah ya tashi kafaɗunta. Daren da na kwana a barandar asibitin ina jiran labari, na yi wa kaina tambayar da ba wanda ya yi mini: me ya hana ni rubuta 41 families are still here? Jimla ce da ɗan aji ɗaya ke iya yi daga littafin SPINE. Amsar ba ta da daɗi. Na raina ta ne. Na so baƙuwa ta karanta saƙona ta ce lallai a ƙauyen nan akwai wanda ya iya Turanci.

Daga baya na lura kalmar nan ta daɗe tana bin mu, tun kafin in san ta. A wurin danginmu na Najeriya da Nijar mu ne waɗanda suka tafi. A wurin wasu maƙwabtanmu na nan mu ne waɗanda aka bari, ragowar ayarin alhazai da hanya ta zubar. Sunan da ake kiranmu da shi ma, Fallata ko Takari, a bakin wani suna ne kawai kamar kowane suna, a bakin wani kuma zagi ne, sai ka dubi fuskarsa za ka san wanne ya nufa. Ko kalmarmu ta baƙo haka take: wanda ake yanka wa kaza, da wanda ake ce wa ba ɗan nan ba ne. 'Ya'yana su ne tsatso na huɗu a bakin wannan kogi. Rikicin 2022, in ka tone shi, gardama ce a kan wace fuskar kalmar za a karanta mana.

Sannan babban yaƙi ya zo a watan Afrilu na 2023. Madani ta faɗi a Disamba, a ƙarshen Yuni na 2024 kuma faɗa ya iso Sinja. Wannan karon garinmu ne ya tashi, tashin da ba na asuba ba. Na kwashi iyali muka nufi Gadarif. Inna ta ƙi. Na durƙusa na roƙe ta, ta ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ubanka na kwance a nan, ina za ni?" Na ce mata ai kifi ma ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne. Ta ce to ni ba kifi ba ce. Kawu ya ce in tafi da yara, shi zai zauna da ita. Haka gidanmu ya rabu biyu, kuma da Ingilishi kalma ɗaya ce ta ishe mu duka, ni da na tafi da ita da ta rage.

A Gadarif aka sauke mu a wata makaranta, na shiga layi kamar kowa. Yaron da ke riƙe da rajista tsohon ɗalibina ne. Da na iso gabansa ya miƙe ya ce, "Ustaz, kai ne a layi?" Na ce ya zauna ya yi aikinsa. Ina kallon hannunsa. Ya tambayi mutum nawa ne a gidana, nawa suka iso, nawa suke can. Ya rubuta kowanne a gurbinsa da cikakkiyar jimla, sannan ya juyo da littafin ya karanta mini abin da ya rubuta, ya ce, "Haka ne?" Na ce haka ne. Ban tambaye shi inda ya koyi wannan ba, yana cikin samarin da suka taya mu tura amalanke a laka shekara biyu kafin nan.

Bayan sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba na 2024, da Madani a Janairu na 2025, muka koma. Na tarar da Inna ta rame amma tana nan, Kawu ma haka. Adakar Baba tana ƙarƙashin gadonta, takardar kakana a ciki.

Ɗan littafina na kalmomi ya ɓata a hanya, ban kuma sake wani ba. Yanzu duk ajin da na shiga a karon farko, kafin in faɗi sunana, sai in rubuta a allo: 58 families came. 41 left. In ce musu ga mota a bakin makaranta, buhu nawa za a sauke? Rabin aji su ce 17, rabi su ce 41, gardama ta kaure, kowa na rantsuwa. Ina barinsu su yi ta yi. Wani lokaci sai an kusa tashi sannan wata yarinya a baya ta ɗaga hannu ta ce, "Ustaz, wanda ya rubuta yana nan? A tambaye shi mana." Ita nake ba maki, sannan in ba su labarin tsohuwar Ganis da yatsanta a kan rajista.